Darasi na 6: Ilimin Nazarin Ɗan Adam da Rassansa

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya faɗin abin da wannan ilimi yake bincike a kai, ya bambance rassansa huɗu, ya kuma kawo misalin kowanne daga unguwarsu ko garinsu.

Mene ne wannan ilimi?

Wanda ya saba cefane a kasuwar Sabon Tasha ko ta Kakuri a Kaduna ba sai an gaya masa mutane iri-iri ne ba. Tsakanin layin masu doya da na masu manja kunne zai ji Gbagyi, ya ji Jju da Tyap, ya ji Ibo da Tibi da Yarbanci, ga broka, ga Hausa da baki daban-daban. Wata ta ɗauko kayanta a ka, 'yar Gbagyi ta ɗauko nata a kafaɗa. Wani in aka yi masa rasuwa da safe, kafin la'asar an kai mamacin makwancinsa. Maƙwabcinsa kuwa sai an ajiye gawa a asibiti, dangi sun yi karo-karo, an ɗauki mota zuwa Zonkwa ko Otukpo. In aka tambaye mu dalili, amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, "Ai al'adarsu ce," daga nan an rufe zance. To, inda muke rufe zancen nan ne wannan ilimi yake soma aikinsa. Yaushe al'adar ta samu? Wane amfani take yi wa masu ita? Da suka shigo birni, me suka yar, me suka ƙi yarwa?

Ilimin nazarin ɗan Adam, wanda a jami'a ake kira antirofoloji, bincike ne a kan mutum ta kowace fuska: jikinsa, harshensa, zamansa da jama'a, imaninsa, sana'arsa, da abin da ya bari bayan ya shuɗe. Likita jiki yake dubawa, masanin tarihi takardu da labaran baka, masanin tattalin arziki kuɗi da ciniki. Shi kuwa mai nazarin ɗan Adam so yake ya ga yadda waɗannan duka suke ɗaure da juna a rayuwar jama'a guda, sannan ya gwada su da na wata jama'a.

Ba Turawa suka fara sha'awar sanin yadda wasu ke rayuwa ba. Al-Biruni ya koyi harshen malaman Indiya, ya rubuta littafi kan addininsu da ɗabi'unsu wajen shekarar 1030. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi nazarin abin da ke haɗa kan jama'a da abin da ke rusa daula. Muhammadu Bello ɗan Shehu, a Infaƙul Maisuri na 1812, ya bayyana ƙasashen wannan yanki da mutanensu. Amma zamansa fanni mai sashe a jami'a, da ƙa'idojin bincike, a Turai da Amurka ya faru daga ƙarshen ƙarni na 19. Franz Boas na Jami'ar Kolambiya a Amurka da almajiransa su suka yaɗa tsarin raba shi gida huɗu, kuma shi za mu bi a nan.

Reshe na farko: al'ada da zamantakewa

Wannan shi ne reshe mafi girma. Yana duba aure da dangantaka, gado, sarauta, addini, kasuwa, abinci, biki da makoki. Hanyar bincikensa ita ta bambanta shi da sauran fannoni. Ba a zuwa da takardar tambayoyi a yini guda a koma. Mai bincike tarewa yake yi cikin jama'a, wata da watanni, wani lokaci shekaru, ya koyi harshensu, ya ci abin da suke ci, ya je sunansu da jana'izarsu. Bronislaw Malinowski ne ya shahara da wannan hanya, sa'ad da ya kafa tanti a tsakiyar ƙauye a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918. Dalilin sauƙi gare shi. Abin da mutane suke faɗa suna yi daban, abin da suke yi daban, kuma gani ya kori ji.

An yi irin wannan aiki a ƙasar Zazzau. M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya yi bincike a nan a 1949 da 1950, daga baya ya fitar da littafinsa kan tsarin mulkin Zazzau a 1960. Matarsa Mary ta shiga inda shi ba ya iya shiga, wato cikin gida wurin mata. A Giwa ta sami wata dattijuwa, Baba ta Karo, wadda ta zauna ta ba ta labarin rayuwarta tun daga ƙuruciya: harin masu kamun bayi, zuwan Turawa, aure-aurenta, zaman kishi, ƙawance, riƙon 'ya'yan dangi, bori. An buga labarin a 1954, kuma har gobe da shi ake koyarwa a jami'o'in duniya. Baba ba ta shiga aji ba, amma da yawa daga abin da duniya ta sani game da rayuwar matan Hausawa na wancan zamani daga bakinta ya fito.

Kada ku ɗauka sai ƙauye ake wa wannan nazari. Ga misali a ƙofar gidanmu. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, ta farko cikin manyan masaƙun Arewa, sannan wasu suka biyo baya, irin su Arewa Textiles da UNTL. Aikin masaƙa ya jawo mutane daga kudancin Kaduna, da Binuwai, da Filato da sauran sassa, suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa. Mutanen da suka taso da lissafin damina da rani suka koma lissafin jiniya da canjin aiki na dare da rana. A 2002 KTL ta rufe ba tare da an biya ma'aikata haƙƙoƙinsu na sallama ba, da dama kuma suka rasu suna jira. Elisha Renne, masaniyar wannan fanni daga Jami'ar Michigan, ta bi sawun zawarawan waɗannan ma'aikata, ta fitar da littafi a kansu a 2020. Masanin tattalin arziki zai ƙirga guraben aikin da aka rasa. Ita abin da ta tambaya daban ne. Ina aka binne mutumin, a garinsu ko a Kaduna, wa ya biya kuɗin? Matar ta koma ƙauye ko ta tsaya? Da me ta ciyar da yara, karatunsu ya ɗore ko ya yanke? Daga irin waɗannan tambayoyi ake gane cewa rufewar masaƙa ba ta tsaya a bakin ƙofar masaƙa ba, ta shiga tukunya, ta shiga makaranta, ta kai har maƙabarta.

Haka batun gadar kogin Kaduna. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa dubban iyalai sauya unguwa, Kiristoci da yawa suka dawo kudu da kogi, Musulmi da yawa suka koma arewa da shi. Wannan kowa ya sani, jaridu sun sha faɗa. Abin da mai nazarin ɗan Adam zai so ya sani shi ne me ke faruwa kowace safiya, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu Keke ke ƙetara gadar ta kowane ɓangare. Wa ke ba wa bashi ba tare da takarda ba? Wa ke aika wa da tuwon Sallah, wa ke aika wa da shinkafar Kirsimeti? Wace zumunta ce ta yanke, wacce ta tsira, kuma me ya tsirar da ita? Ko wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Tibi, ko Kanawa da Zagezagi, a wurinsa ba raha ce kawai ba. Hanya ce da jama'a suka ƙirƙiro don a faɗi magana mai zafi ba tare da an zare wuƙa ba.

Reshen nan yana da ƙa'ida guda da ya kamata ku riƙe: kada a yanke wa al'ada hukunci kafin a fahimce ta a idon masu ita. Kowa yana ganin tasa ce daidai, ta wani ce baƙuwa, don kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ƙa'idar ba ta ce komai halal ne ba. Al'adar da ke cutar da mace ko yaro cuta ce, ko ta wane ne. Abin da ta ce shi ne, wanda bai san dalilin da ya sa mutane suke riƙe da abu ba, ba zai iya raba su da shi ba, sai dai ya yi ta zagi daga nesa.

Reshe na biyu: harshe

Wannan reshe yana tambaya iri biyu. Ta farko, wane harshe ne ɗan'uwan wane? Joseph Greenberg, wanda ya fara da bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, shi ya fitar da rabe-raben harsunan Afirka a 1963, wanda har yanzu a kansa ake gini. Ba a duba kalmomin aro, domin kowa yana aro. Ana duba kalmomin tushe, kamar sassan jiki da ƙirga da wakilin suna, da kuma ginin nahawu. Da wannan awo aka gano cewa Hausa 'yar gidan harsunan Cadi ce, 'yan'uwanta na kusa su ne irin su Gwandara, Ngas, Bolanci da Tangale, na nesa kuwa Larabci, Ibrananci da harshen Buzaye. Fulatanci, duk da daɗewar zama tare, ba danginta ba ne, 'yan'uwansa suna Senegal. Gbagyi da Nufanci gida ɗaya suke. Tyap da Jju kamar wa da ƙani ne, kuma su da Hyam da Berom ana lissafa su a reshe guda.

Tambaya ta biyu ta fi kusa da rayuwarmu: wa ke magana da wane harshe, da wa, a ina? Mace guda a Narayi tana iya yi wa mahaifiyarta Jju, ta yi ciniki da Hausa, ta tsawata wa yara da broka, ta rubuta takarda da Turanci, ranar Lahadi kuma ta yi waƙa da Hausar coci, wadda ta kafu tun fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. In ta ce "ya zo" alhali mace take nufi, Bakano zai yi dariya. Masanin harshe ba zai kira shi kuskure ba, zai rubuta shi a matsayin siffar Hausar wannan yanki, ya nemi yadda ta samu. Zai kuma lura da gidajen da iyaye ke jin harshensu amma 'ya'yan da aka haifa a Romi ko Television ba sa iya mayar da amsa da shi. Nijeriya tana da harsuna sama da 500, kuma ta haka ƙanana suke mutuwa, ba da hayaniya ba.

Ko sunayen ƙabilu abin nazari ne. Tsofaffin takardu sun ce Kaje, Kataf, Jaba, Kadara, Gwari. Masu sunan sun ce Bajju, Atyap, Ham, Adara, Gbagyi. Na farkon wasu ne suka laƙaba, na biyun su suka zaɓa, kuma ladabi shi ne a kira mutum da sunan da yake amsawa.

Reshe na uku: kufai da kayan da ke binne

Yawancin mutanen da suka taɓa rayuwa a duniya ba su bar rubutu ba. Sun dai bar tsingaro, toka, ƙashi, kashin maƙera da ganuwa. Reshen akiyoloji shi ke tono waɗannan ya karanta su. A nan Jihar Kaduna ba ta da abin jin kunya, domin ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka gano a Afirka sunan ƙauyenta yake ɗauke da shi.

A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham, suka tono wani ɗan gunki na gasasshen yumɓu. Ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Wajen 1943 aka sake samun wani kai na yumɓu a yankin Jama'a, wanda har wani ma'aikaci ya kafa shi a gonarsa ta doya don korar ɓarna. Da ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki mai ilimin wannan fanni, sai ya ga kamanninsa da na farko, ya gane aikin al'umma guda ne, ya sa mata sunan Nok. Daga baya ya tono murhun narka tama a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, wanda ya girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suka shiga sabon tono. Sun nuna cewa al'ummar Nok ta faro ne wajen shekaru 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, gero ne babban abincinta, kuma a 2021 aka bayyana cewa an sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Ke nan shekaru 3,500 da suka wuce ana noman gero ana cin zuma a wannan ƙasa.

Ta yaya ake sanin shekarun? Hanya ta farko ita ce jerin ƙasa: in ba a taɓa wuri ba, abin da ke can ƙasa ya girmi na sama. Ta biyu awo ne a ɗakin gwaji. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari, kabon 14, wanda ke raguwa bayan mutuwa, rabinsa yana ƙarewa cikin kimanin shekaru 5,730. In aka sami gawayi ko ƙwayar hatsi da ta ƙone a gefen tukunya, sai a auna abin da ya rage a ƙiyasta shekarunta. Da wannan awo aka san cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987 a Jihar Yobe ta yanzu, ya kai kimanin shekaru 8,000.

Daga nan za ku ga illar masu haƙar sata. In aka ciro gunki aka sayar wa dillali, ba gunkin kaɗai aka sace ba. An watsar da gawayin da ke gefensa, an hautsina jerin ƙasar, babu mai iya sake sanin shekarunsa ko abin da aka yi da shi. An yi wa wuraren Nok da yawa wannan ɓarna. Wanda bai taɓa ganin kayan Nok ba, ya ƙetara gada ya je gidan tarihi na titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975.

Reshe na huɗu: jiki da halitta

Wannan yana nazarin jikin mutum, gadon jini, da yadda muhalli ke yin tasiri a kansa. Misali mafi kusa shi ne sikila. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna da jinin AS. Me ya sa abin da ke jawo wahala haka ya yawaita maimakon ya ɓace? A 1954 Anthony Allison, da bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi yawa, masu AS sun fi rayuwa su haihu, sai jinin ya yaɗu. Kariya ce ga mai S ɗaya, cuta ga wanda ya gaji biyu. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai in ɗaya ya zo da shi ukun da ke biye sun tsira ba. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ita kaɗai ba. Gwajin jini kafin a kai kuɗin aure ya fi sauƙi a kan jinya.

Reshen yana kuma nazarin tsofaffin ƙasusuwa. A 2001 aka tono wani ƙoƙon kai a hamadar arewacin Cadi, aka sa masa suna Toumaï, masana suka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Daga irin waɗannan shaidu, da nazarin ƙwayoyin gado, masana kimiyya suke cewa Afirka ce tushen ɗan Adam, daga nan ya bazu duniya. A kan batun asali, Musulmi da Kirista suna da abin da littattafansu suka koyar, malamansu kuma sun daɗe suna tattauna shi. Darasin nan bai zo ya canja wa kowa imani ba, aikinsa ku san abin da masana suka ce da hujjar da suka dogara a kai. Akwai dai sakamako guda da ya dace da koyarwar addinan biyu: bambancin gado da ke tsakanin mutanen ƙabila ɗaya ya fi wanda ke tsakanin wata ƙabila da wata yawa. Babu jinin sarauta, babu jinin bauta. Launin fata kuwa sabo ne da ƙarfin rana a inda kakanni suka zauna.

Tabon da ke jikin fannin

Ba za a ɓoye ba, wannan ilimi ya yi wa mulkin mallaka aiki. Gwamnatin Turawa ta ɗauki C. K. Meek a matsayin masaninta, ya fitar da littattafai kan ƙabilun Arewa a 1925 da 1931, don a san yadda za a mulke su. A 1912 wani hafsa, Tremearne, ya buga littafi kan mutanen yankin Kagoro, tun daga sunan littafin ya kira su masu wutsiya, alhali wani ado ne da matansu ke ɗaurawa. Irin wannan rubutu ya bar raini da har yau bai gama wankuwa ba. Duk da haka jikokin waɗanda aka rubuta suna komawa ga littattafan don tsintar abin da ya ɓace, suna tacewa. A ganina maganin tabon ba ƙin fannin ba ne, shi ne mu shiga cikinsa, mu riƙa rubuta kanmu da maƙwabtanmu da adalci.

Amfaninsa kuwa a fili yake. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, masu cewa jahilci ne kawai ba su warware komai ba. Sai da aka saurari iyaye aka ji cewa gwajin maganin sanƙarau da aka yi a Kano a 1996 yana ransu, kuma suna mamakin allurar da ake bi gida-gida kyauta alhali maganin zazzaɓi sai da kuɗi. Ma'aikacin lafiya, malamin gona, mai sasanta rikici, mai unguwa, duk suna bukatar irin wannan kunne.

Aiki

Ku tattauna a aji: wane reshe ne zai amsa kowace daga cikin waɗannan, kuma me ya sa? Manomi a Kujama ya tono tsohuwar tukunya. Yara a gida ba sa jin harshen kakarsu. Ma'aurata sun rasa 'ya'ya biyu da ciwo iri ɗaya. Sadaki da kayan aure sun canja cikin shekaru 30.

Kafin zama na gaba, kowa ya nemi dattijo ko dattijuwa a unguwarsu wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba. Ku tambaye shi yaushe ya zo Kaduna, me ya kawo shi, yadda ake aure a garinsu a da, da abin da ya canja a nan. Ku saurara fiye da yadda za ku yi magana, kada ku gyara masa zance, ku rubuta shafi ɗaya da kalmominsa. Ku gaya masa tun farko abin da za a yi da labarin, kuma kada ku sa sunansa sai ya yarda.